Na'Allah Mai Zoɓo

Shekara goma sha biyar Na'Allah yana buga katunan gayyata a bakin kasuwar Sabon Birni, kuma da tsohuwar manhajar kwamfuta ɗaya yake duk aikin. A cikinta ya tara adon gefen kati da ya zana da hannunsa, har mutanen Kamarawa kan gane katinsa tun daga nesa.

Ana saura mako guda walimar saukar Alƙur'ani a makarantar Liman Ibrahima, kwamfutar ta tsufa ta ƙi tashi da Windos, ga katunan liman a ciki. 'Yar Na'Allah, Sa'adiyya, wadda ta yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ta ɗora mata Linuks a madadin Windos, sai ga tsohuwa tana gudu kamar sabon babur. Manhajar ce dai ta ƙi buɗewa, don ba ta jin yaren sabon gidan. Sa'adiyya ta ce akwai tafinta da zai shiga tsakani, sunansa Wayin. Na'Allah ya tambayi ma'anar kalmar, aka gaya masa giya ce da Turanci.

"Ba ni sa giya cikin katin Liman," in ji shi.

Kwana biyu ya ƙi taɓa kwamfutar, abinci ma sai da lallashi. Sa'adiyya ta yi ta rantsuwa cewa suna ne kawai, tafintan nan daidai yake da dillalin kasuwar Burkusuma da ke juya Fulatanci zuwa Hausa. A rana ta uku tsoron kunya ya fi ƙarfinsa, ya yarda. Adonsa ya dawo tsaf, daɗi ya cika shi.

Da Liman ya zo karɓar katunan, idonsa ya faɗa kan 'yar alamar da ke gefen allo, kofin gilashi da jan abu a ciki. Na'Allah ya ga inda yake kallo. Ƙarya ba ta cikin halinsa, ya kwashe komai ya faɗa, yana jiran a mayar masa da katunansa.

Liman ya gyara tabarau ya ƙura wa kofin ido.

"Ta taɓa bugar da kai?"

"A'a, Malam."

"To ni zoɓo ni gani. Ƙara mini kati hamsin."

Tun ranar babu mai kiransa Na'Allah mai kati, kuma shi ma yana amsa sabon sunan.