Baƙin Yashin Wanke Tukunya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba zan manta ranar da maigidana ya so ya ajiye aikin gwamnati saboda yashin da nake goge tukunya da shi ba. Lokacin Jihar Arewa maso Gabas ne, muna haya a Nassarawo cikin Jimeta, shi kuwa Malam akawu ne a ofishin lardi. Albashin nan shi ne cinmu, shi ne shanmu, ga ni da tsohon ciki.

Duk rani idan kogin Binuwai ya janye, akwai wani baƙin yashi mai nauyi da yake kwanciya a bakin ruwa. Mu mata mukan ɗebo shi, don yana fitar da baƙin tukunya fes. Wata Asabar ina tsugune ina gurza, sai Malam ya tsaya a kaina, ya ɗebi yashin a tafi, ya jinjina, idonsa ya fito.

"Ke! Kin san abin da kike zubarwa a kwata? Kwalambait ne!"

Na ce, "Kwala me?"

Ya ce wani ma'adini ne baƙi mai nauyi, mai wuyar samu, ya karanta a jarida Turawa na sa shi a ƙarfen injin jirgin sama don ya jure zafi. Ya ce mutanen Jos sun yi arziki da shi. Kafin la'asar ya kwashe yashina kaf ya ɗure a buhu, ya tura ƙarƙashin gado. Ran Lahadi ya zauna ya rubuta takardar barin aiki, ya ninke, ya sa a aljihun rigar da zai saka Litinin. Na yi magana, na yi kuka, ya ce mace ba ta san harkar ma'adinai ba. Wallahi na ji haushi, kuma na ji tsoro.

Litinin da sassafe, yana banɗaki, na ɗauki rigar nan na tsoma a bokiti, na zuba sabulu, na danna. Da ya fito ya zaro takardar, tawada ta bi ruwa, ba ko harafi. Ya yi faɗa kamar zai tashi kwanon ɗaki, ya ce gobe ma rana ce, zai rubuta wata. Ni dama kwana ɗayan nake nema. Yana fita na yafa gyale na nufi Damare wurin Bappana, ƙanen mahaifina, wanda ya yi shekaru yana haƙar kuza a Jos kafin ya dawo noma.

Da yamma Malam ya tarar da Bappa zaune a tabarma. Bayan gaisuwa Bappa ya ce, "Malam, an ce Allah ya buɗa maka. Kawo mu gani, mu taya ka murna." Malam ya jawo buhu yana washe baki. Bappa ya zuba kaɗan a faifai, ya ciro wani mayen ƙarfe na tsohuwar rediyo daga aljihu, ya ɗora a sama. Caa! Yashin ya yi tsalle ya manne, ya zama kamar gemu.

"Ka gani ko, Bappa!" in ji Malam. "Har tashi yake yi!"

Bappa ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya buɗe gwangwanin tabarsa ya fito da wani ɗan baƙin dutse kamar ƙwayar gyaɗa, tsarabarsa ta Jos. Ya kara masa mayen ƙarfen, ko gezau. Ya ce, "Kawo mini farantin tangaran, 'yata." Ya kife shi, ya goga dutsen a gindinsa inda ba santsi, sai ga zane ja-ja mai duhu. Ya murza yashin Malam a gefe, baƙi ƙirin.

"Wannan shi ne kwalambait," in ji Bappa. "A duwatsun Jos yake, tare da kuza, kuma sai ka wanke ƙasa kwando nawa kafin ka cika tafi. Naka yashin ƙarfe ne, ruwa ne ya kwaso shi. Aikinsa ɗaya na sani, kuma matarka ta riga ka gano shi."

Malam ya dubi igiyar shanya inda rigarsa take rataye da shuɗin tabo a aljihu, ya dube ni, ya ce, "Ashe da gangan kika yi."

Na ce, "Riga ce ta yi datti, Malam."

Shi ya fara fashewa da dariya, sannan mu. Da hannunsa ya mayar mini da buhun bakin murhu, na shekara ban je kogi ɗebo yashi ba. Ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya, kuma bai taɓa yarda a yar da rigar nan ba.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya saki reshe ya kama ganye, ya nemi wanda ya taɓa hawa bishiyar ya tambaye shi. In kuwa mai gidan ya ƙi jin magana, to Allah ya sa akwai bokiti a kusa.