Rigar Aikin da Kakata ta Gyara Mini

Ko da zan manta duk abin da aka koya mini a lakwal, wato makarantar boko, ba zan taɓa manta safiyar da na fara shiga ɗakin injuna ina ƙamshin turaren wuta kamar amarya ba. Yau furfura ta cinye mini kai, amma in na tuna sai kunyar ta dawo mini sabuwa, dariya kuma ta biyo bayanta.

A shekarun saba'in ne, bayan babban farin nan da ya ƙarar wa mutane da dabbobi. Na gama koleji, aka tura ni lise teknik, inda ake koyon aikin ƙarfe da lantarki da injuna, can nesa da Gure, sai ka wuce Damagaram ka ci gaba da tafiya. Ni dai murna kamar me, don tun ina ƙarami ba abin da nake so kamar in ga an buɗe cikin mota. Babana, wanda yake da ɗan kanti a bakin kasuwa, shi ma ya ji daɗi. Wadda ba ta ji daɗi ba ita ce kakata, mahaifiyarsa, a gidanmu kuwa in ita ba ta ji daɗi ba, kowa sai ya ɓoye nasa.

"Ƙarfe?" in ji ta, ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. "Duk boko ɗin nan da ka sha, ashe ƙira za su koya maka? Mu gidanmu fatake ne da malamai, ba wanda ya taɓa riƙe masaba."

"Haba uwargida," na ce, don haka nake tsokanarta, "in na zama injiniya ai ni zan kai ki Makka."

"Rufe mini baki, miji ko akuya babu." Sai ta daina wasan, ta dubi babana. "Ya tafi. Amma ranar da na ga alamar sun mai da shi lebura, ka je ka ɗauko shi, ya zo ya zauna kanti yana auna sukari."

Babana ya ce, "To, Iya." Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ba ta wata amsa ban da wannan ba, saboda haka na san zamana a makarantar nan yana hannun tsohuwar nan ne.

Wani ɗan garinmu da ya riga ni shiga makarantar, ya zo hutu, shi ya gaya mini dole in tafi da bule, wato shuɗiyar rigar aiki da aka haɗe ta da wando, wadda take kama jiki. Ya ma ara mana tasa aka kai wa telan unguwarmu don ya ga samfuri. Babana ya yanko yadi mai kauri, tela ya ɗinka, ni kuma na shiga yawon sallama da dangi har Bune, ban sake waiwayar zancen ba.

Abin da ya faru a bayana, sai daga baya telan ya ba ni labari yana share hawayen dariya. Kakata ce ta je da kanta ta ga irin kayan da aka yi wa jikanta. Ya ɗaga mata. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Yaron nan sata ya yi? Irin wannan ai 'yan kaso nake ganin suna sawa in za su ɗebo wa kumandan ruwa." Ya ce mata haka makarantar ta ce. Ta ce makaranta ba ta san ɗan gidan wa za a kai mata ba. Ta koma gida ta kawo ƙarin yadi, ta kawo farin zaren da ta kaɗa da hannunta, da idon nan nata da ya fara rauni, ta zauna a bakin shagon har sai da aka yi yadda take so.

Ranar tafiya ita ta shirya mini akwati. Ta sa ƙullin rigar a can ƙasa, ta ɗora dabino da garin gero da busasshen nama a kai. "Kada ka kwance sai ranar da za ka sa," in ji ta, "don kada ƙamshin ya fita. In ka zo hutu kuma ka taho da ita in sake turara maka." Ni sakarai har da godiya. Na hau bayan kamyo, babbar motar kaya, a kan buhunan kanwa, muka yi ta fama da rairayi, a tura a hau, har Allah ya kai mu.

Safiyar rantire, ranar da aka buɗe makaranta, aka ce sababbin ɗalibai kowa ya sa bule ya yi layi a ƙofar atilye, ɗakin injuna. Na kwance ƙullina. Turare ya fara fitowa tukuna, har yaron da gadonsa yake kusa da nawa ya yi atishawa. Na ɗaga riga na duba. Wandon yana nan haɗe yadda aka ce, amma daga ƙugu zuwa sama kakata ta mai da bule babbar riga. An buɗa gefe da gefe an ƙara yadi, hannuwa sun yi faɗi har suna neman taɓa gwiwa, ƙirji kuma an zuba masa aiki da farin zare, aska biyu, an zagaye wuya. Wallahi aikin ya yi kyau, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan.

Ba ni da wata, ba wanda yake da ta aro, ga ƙararrawa ana bugawa. Na sa, na naɗe hannuwan a kafaɗa kamar mai zuwa ɗaurin aure, na fita.

Ina isa layi, sai wani daga can baya ya ce, "Jama'a a ba da hanya, ango ya iso!" Shi ke nan wuri ya rushe. Wani ya durƙusa yana gaishe ni, wani ya matso yana shinshina yana tambayar ko za a raba goro. Manyan ɗalibai suka leƙo ta taga. Na yi ta addu'a ƙasa ta buɗe in shige, ta ƙi.

Malamin atilye ya fito, wani gajeren mutum da ba a san shi da dariya ba, hannunsa na hagu yatsa ɗaya babu. Ya zagaye ni a hankali.

"Kai daga ina?"

"Daga Gure, mushe," na ce, don haka muke kiran malami da Faransanci.

"A Gure haka ake zuwa aiki?"

"Kakata ce, mushe."

Na ga ya ciji leɓe ya juya baya na ɗan lokaci, kafaɗunsa suna motsi. Da ya juyo fuskarsa ta koma yadda take. Ya ce mu shiga. Ya tayar da wani inji mai juya ƙarfe ana fere shi, ya ɗauki tsumma ya miƙa bakinsa kusa. Kafin in ƙifta ido injin ya fizge tsumman ya nannaɗe shi. Dariya ta ɗauke.

"Injin nan bai san kakarka ba," in ji shi. Ya miƙo mini almakashi. "Ko ka rage rigar nan yanzu, ko ka koma Gure. Akwai masu jiran gurbinka."

Da hannuna na datse hannuwan, a gaban kowa, ina jin kamar tsohuwar tana tsaye a bayana. Hawaye sun zo mini, ba na kunya ba wannan karon. Da na zo kan aikin ƙirji sai na kasa. Na ce, "Mushe, wannan ita ta kaɗa zaren." Ya sa yatsa ya shafa, ya ce, "Ba ya lilo. Bar shi." Da yamma wani tela a gari ya tsuke mini gefen, guntayen hannuwan kuma na ninke na ajiye a akwati, don na kasa zubar da su. Sunan Ango kuwa ya bi ni, har yau abokan karatuna da shi suke kirana a gaban jikokina.

Makaranta ta yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Amma kullum na dubi rigar nan, ta sha baƙin mai, ga hannuwa gundul, sai gabana ya faɗi, don na san ranar hisabi tana zuwa. Hutu ya zo daidai da Babbar Salla. Na yi tunanin in bar ta a makaranta in ce na manta, sai na tuna wadda zan gaya wa hakan. Na wanke ta iya ƙarfina, na cusa ta a ƙasan akwati.

Ko ruwa ban gama sha ba kakata ta jawo akwatin, wai tana neman tsarabar da mijinta ya kawo mata. Ta zaro rigar ta baza ta a kan tabarma. Ta daɗe tana kallon tabon mai, ta shafa inda aka yanke.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Kaka. Malam ne ya ce."

"A gaban mutane?"

"E."

Ta aika aka kira babana daga kanti. "Ka gani ko? Sun tuɓe shi a bainar jama'a, sun shafe shi da baƙi. Ba zai koma ba."

Babana ya dube ni da tausayi, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Iya."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ce ita ba ta taɓa jin ƙarfe ya ci riga ba, in kuwa yana ci, to rowa ce ta sa ba su ba shi abinci. Ina zaune a zaure raina a jagule, sai na jiyo ƙarar injin niƙan da aka kafa a bayan kasuwa, wanda matan gari suke kai masa gero. Na tuna yadda malaminmu ya yi mana.

Washegari da hantsi na ɗauko guntun hannun riga guda, na ce, "Uwargida, raka ni unguwa. In kin gani kin ce kada in koma, ba zan sake tayar da zancen ba." Ta yi ta mita wai ita ba ta cin tuwon inji, warin gazuwal, man injin, yake, amma ta ɗauki mayafi ta biyo ni.

Mai injin ya san ni. Na gaya masa abin da nake so, ya ce mata su ja da baya. Akwai wata faffaɗar igiya da take juya injin, tana gudu tana kaɗawa. Na nuna wa kakata yadin don ta gane nata ne, na tsaya nesa, na ɗora shi a bakin sanda na miƙa. Igiyar ta wafce shi, ta fizge har sandar daga hannuna, ta maka ta da bango. Yadin ya zagaya ya fito a yayyage, mai injin ya kashe wuta.

Kakata ta tako a hankali ta ɗauki tsumman. Ta dube shi, ta dubi hannuna.

"Na can ma haka yake?"

"Ya fi wannan ƙarfi, Kaka."

"Da hannunka yana ciki fa?"

Ta juya ta nufi gida, ina biye da ita. Ranar ko tsokanata ba ta yi ba, ba ta kuma ce zan koma ba. Har na fara tunanin ko na ƙara ɓata lamarin, tunda yanzu ta ga abin da zai iya cinye mata jika.

Safiyar Salla na yi wanka na ɗauko sabuwar babbar rigar da babana ya ɗinka mini. Na zura kai, na miƙa hannu zan naɗe, sai na ji iska. Ba abin naɗewa. An datse ta daga kafaɗa, an kalmashe bakin da ɗinkin hannu, karkatacce. Na duba taguwata, haka. Na duba rigar barcina, ita ma ba ta tsira ba. Na fito tsakar gida damatsana a waje, sai ga kakata zaune da wuƙar yankan kuɓewa a gefenta.

"Kaka, wannan ta Salla ce! Babu inji a filin idi!"

"Ka sani ko za a kawo?" in ji ta. "Ka koma makarantarka. Amma muddin ina raye ba ka ƙara sa riga mai hannu." Sai ta rufe da faɗa. "Shi kuma malamin naku, don me ya bar ka da wuyan nan mai faɗi? Kawo bulen in tsuke."

Babana ya fito cikin tasa babbar rigar yana danne dariya. Ta ɗaga ido ta ƙare wa hannuwansa kallo, ta kai hannu wajen wuƙar. Ya tattare rigarsa da sauri ya ce, "Iya, ni sukari nake aunawa!" Ya yi waje. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ji bai ce mata to ba.

Haka na je idi, yara suna bina suna nuna ni, ni kuwa bakina har kunne, don zan koma. Na gama makarantar, na yi aikin injuna har na yi ritaya, yatsuna goma cif. Abin da na koya a wajen tsohuwar nan shi ne, mai ƙaunarka yakan yi maka kuskure da zuciya ɗaya, kuma gardama ba ta juya shi, sai ka kama hannunsa ka kai shi ya gani da idonsa. Ranar da ta ƙara yadin da ranar da ta yanke shi, abu ɗaya take tsarewa, ni ne. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta.