Hailala Ɗaya da ta Rage wa Sodangi

Sodangi mai awon hatsi ne a kasuwar Shagari, mijin ƙanwata Bilki. Bai shiga makarantar boko ba, ni ma haka, amma shi kansa ma'auni ne. In anka yi rasuwa daga Kajiji har Danchadi, shi ake kira ya raba hailala dubu saba'in da ake yi wa mamaci don neman masa tsira daga wuta.

Ya san halin adadin wanga kamar halin jakinsa. "Dubu saba'in ba ta da gardama," in ji shi. "Mutum bakwai, dubu goma-goma. Mutum takwas, dubu takwas da ɗari bakwai da hamsin. Amma ba ta son uku."

Shekara guda bayan 'yancin kai sankarau ya shigo mana da bazara, ya ɗauke Bilki cikin kwana biyu. Masu cika baki da zumunci duk sunka ɓuya a ɗaki. Mu uku munka zauna yi mata hailala: ni, Sodangi, da wansa Husaini.

Ya zuba tsakuwa a tabarma ya raba. Kowa dubu ashirin da uku da ɗari uku da talatin da uku. Ɗaya ta rage. Ya ɗauki tsakuwa guda ya sa a aljihu.

"Wagga tawa ce, ku shaida."

Munka yi sati muna ja har munka sauke. Na ce, "Ka faɗi ta ƙarshen?"

"Gobe, Yaya."

Gobe ta kai shekara biyar. Kullum shina hailala bayan salla kamar kowa, amma ya ce bai yi niyyar waccan ba. Na tare shi a rumfarsa gaban masu sayen gero.

"Kai, ƙaton banza! Numfashi ɗaya ya gagare ka? Na faɗe ta sau dubu a madadinka."

"Ba rabonki ba ne, Yaya, ba ta shiga." Ya daɗe shina shafe bakin mudu. "In na faɗa, me ya rage da zan yi mata?"

Na ƙara masa zagi na wuce.

Damanar shekarar da anka kashe Sardauna zazzaɓi ya kwantar da Sodangi. Da hantsi na je, na tarar ido ya soma juyawa. Husaini na laƙƙana masa kalmar shahada. Ya faɗa sau ɗaya, sarai, kowa ya ji.

Na girgiza kafaɗarsa. "Ta wa ce? Taka ko ta Bilki?"

Ashe rai ya riga ya fita.

Liman ya ce Allah ba ya buƙatar lissafinmu, kuma na yarda. Amma da masu wanka sunka miƙo mini rigarsa, na laluba aljihun da kaina. Tsakuwar na nan, ta yi sulɓi don shafa. Yanzu tana ƙulle a bakin zanena, ban san ko jefarwa ya kamata in yi ba.