Malam Almustapha Wakili da Littafin da Aka Raba Shi da Shi

Ranar Talata, 6 ga Mayu 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Almustapha Wakili, malamin lissafi, a gidansa da ke Yelwa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Malam, shekara ashirin da huɗu ka yi kana shirya ɗaliban ƙasar Yauri don jarrabawar shiga jami'a, a ƙarƙashin rumfar ƙofar gidanka. Ni 'yar masunta ce daga Wara, na zo maka ina tsoron lissafi kamar mutuwata. Ranar farko ka ce mini, "Ɗiyata, Babanki ya kamo kifi talatin da takwas, a raba wa mutum bakwai, nawa ya saura?" Na ce uku. Ka ce to sha bakwai fa? Na ce shi ma uku. Ka sa na ɗebe sha bakwai daga talatin da takwas, na samu ashirin da ɗaya, ya rabu bakwai cif. Ka yi dariya ka ce, "Shi ke nan. Lambobi biyu in saurarsu ɗaya ce, abin da ke tsakaninsu zai rabu ba saura." Tambayoyi irin wannan guda uku na tarar a jarrabawata. Yau ni ma lissafi nake koyarwa a Shanga.

Irin waɗannan tambayoyi ka tara har ɗari huɗu, da rubutun hannunka, kowace da bayaninta da Hausa. Burinka a buga su, ɗan ƙauyen da ba shi da malami ya karanta da kansa. Da idonka ya fara rauni, ka damƙa littattafai biyar da ka rubuta su a ciki ga Malam Ɗanbaba, amininka, wanda kuka ci tuwo a kwano ɗaya shekara da shekaru. Ya ce zai kai birni a buga maka.

Bayan wata bakwai wata ɗaliba ta zo darasi da sabon littafi da ta saya a kasuwa. Sunan Ɗanbaba ne a bango, shi kaɗai. Ko a shafin godiya babu kai. Kifayenka suna ciki, har kuskuren da ka yi a tambaya ta ɗari da sha biyu bai gyara ba, don bai san kuskure ba ne.

Ina wurin ranar, na zo gaishe ka. Ka kusantar da littafin ga idonka, ka daɗe kana jujjuya shi. Sannan ka tashi ka nufi allo ka ce, "Ku gyara amsar nan, tara ce ba shida ba. Kada ta kayar da ku." Iyakar abin da ka faɗa ke nan. Amma Inna Tabawa, mai ɗakinka, ta gaya mini daga ranar ba ka sake rubuta tambaya ko ɗaya ba.

Ɗanbaba ya zo jana'izarka, ya tsaya a sahun gaba, mutane suna yi masa gaisuwar rashin aboki. Mu da muka san gaskiya muka sunkuyar da kai, kamar yadda muka yi shiru shekara biyu muna cewa kunya. Wannan shirun ma cin amana ne, Malam, kuma ina ciki. An ce ka yafe masa kafin ka cika. Ni ban kai nan ba tukuna, shi ya sa na rubuta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Tabawa, da 'ya'yanka, da dukkan waɗanda suka zauna a rumfarka. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Duk ɗalibin da ya amfana da littafin nan, Allah Ya kai ladan ga mai shi na gaskiya. Amin.

Zuwaira Sule Wara, Shanga