Kawu Ɗanjuma da Iyakar Waifai

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma ya san sukudirebar nan tasa mai jan mariƙi. A aljihun gaba take zama, kusa da asuwaki, ko da masallacin Juma'a za shi. Allah Ya jiƙan Kawu, bai taɓa yarda wani abu ya yi aiki a gabansa bai ga cikinsa ba. Rediyo huɗu ya farke a sanina, uku ba su ƙara magana ba. Agogon da aka kawo masa tsarabar Makka kuwa kwana biyu ya yi a raye. In ka yi ƙorafi sai ya ce, "To haka kawai zan kwana ɗaki ɗaya da abu ban san abin da ya haɗiye ba?"

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma sunan mahaifiyarsu na ci, shi ya sa "Uwata" yake kirana. Ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a Rijiyar Zaki. Da aka mayar da mijin Binta, autarsa, aiki Fatakwal, Kawu ya shiga wani hali. Kun dai san ƙauyenmu na bayan Makoɗa, sai mutum ya hau tudun bakin rafi kafin waya ta kama, ga shi gwiwoyinsa sun daina hawa tudu. Ga Binta da tsohon ciki. Sai na sayo ɗan akwatin waifai mai ƙaho biyu, da faifan sola da batir, na hau mota ranar wata Asabar.

Na sa masa layi, na ɗaure shi a kan dogon gora a tsakar gida inda zai jawo sabis daga nesa, na haɗa shi da wayar Kawu. Yana tsaye a kaina, hannunsa a bakin aljihu.

"Kawu, rantse ba za ka buɗe shi ba."

"Ban rantse ba, amma na ji. Me kika ce sunansa?"

"Waifai."

"Faifai?"

"Waifai, Kawu."

"To, faifan. Ina igiyar da ta taho daga jikinsa zuwa wayata?"

Na ce babu igiya, ta iska yake tafiya. Ya ɗaga kai ya dubi iska, ya kaɗa hannu tsakanin goran da wayar kamar mai korar ƙuda, ya ce, "Ikon Allah! To in iskar ta juya gabas fa?"

Da na koma bayan sati biyu, sai na tarar da duwatsu an jera, sun zagaye gidan a karkace, wasu har cikin gonar gyaɗa. Ashe kullum in ya karya kumallo sai ya ɗauki waya ya yi ta takawa a hankali yana kallon 'yan sandunan nan na waifai. Inda suka ɗauke, nan zai ajiye dutse. Ya ja ni muka zaga kamar mai nuna wa magada iyakar gona.

"Uwata, na gano halinsa. Zana ba ta tare shi, wucewa yake kamar ba ta nan. Rumbu in da hatsi a ciki yana rage masa ƙarfi. Durom ɗin ruwa kuwa ba sa shiri sam. Amma zo ki ga." Ya kai ni bayan tsohuwar katangar ƙasa ta ɗakin kakanmu, ya nuna mini wayar, ba ko sanda ɗaya. Ya daki katangar da tafin hannu, fuskarsa fal alfahari. "Ginin ubana ke nan! Abin Turawa ya zo nan ya durƙusa."

Wallahi abin da nake koya wa ɗalibai a allo ke nan, shi ya gano shi da ƙafa da duwatsu.

Matsalar ita ce duwatsun sun tsallaka cikin gidan maƙwabcinsa, Malam Iro. Wannan abu ya hana Kawu sukuni. Ya sa babbar riga, ya je ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa har da tambayar awaki. Sannan ya gyara murya.

"Malam Iro, haƙuri na zo ba ka. Akwai wani abu nawa da yake shiga gidanka."

"Kaji ne? Ai ba komai."

"Ba kaji ba ne. Ba a ganinsa. Na auna, yana kaiwa har ƙofar ɗakin iyalinka, kuma ba ya sallama."

Malam Iro ya ce sai da ya fara karanto addu'a a zuci. Da aka yi masa bayani ya yi dariya har da hawaye. Amma Kawu bai ga abin dariya ba. Ya ce tunda abin a filin Malam Iro yake sauka, to wanda ya faɗa can rabonsa ne, dole a ba shi lambar sirri. Lambar kuwa, Kawu sunan bijiminsa ya sa na saka, Ɗan Baƙi, wai shi kaɗai ne a gidan ba ya kai gulma. Kafin sati ya zagayo duk unguwa ta san sunan bijimin nan. Matan aure na aika saƙon murya, masu gyaɗa na tambayar farashi a birni, data ta ƙare ƙaf a kwana tara.

Na yi wa Kawu bayani cewa yawan masu sha ne. Ya ce a'a, shi ya san abin da ya faru. "Yini yake yana zuba a banza, har cikin gyaɗa. Gyaɗa waya gare ta?" Ya sauko da akwatin ya kife shi da faifan Inna Laure, matarsa, wai kada ya tsiyaye. Da ya ga sandunan ba su ragu ba, sai ya saka shi cikin akwatin ƙarfe na lefen Inna, ya datse da kwaɗo. Nan take komai ya ɗauke. Sai ga shi ya aiko yaro ya kira ni a waya daga kan tudu ya isar mini da saƙonsa, wai yana murna kamar ya tsinci dami.

"Uwata, na toshe yoyon!"

"To yanzu da me za ka kira Binta?"

Da aka kai masa tambayata, aka ce sai ya ce, "Ashe shi ma ba ya aiki a ɗaure." Da la'asar ya mayar da shi kan gora, ya kifa masa tsohuwar malafarsa saboda rana. Lambar ma bai yarda an canza ba. Ya ce a dai gaya wa mutane su riƙa sha da tausayi.

Hasashen yanayi ne kaɗai suka yi ta rigima a kansa. Waya ta ce za a yi ruwa gobe, Kawu ya shafa gwiwa ya ce ƙarya take. In ta ci, ya ce sa'a ce. In gwiwa ta ci, sai duk majalisa ta ji. "Yarinya ce," in ji shi, "damina nawa ta gani?"

Binta ta haihu ana tsakiyar cirar gyaɗa, namiji. A lokacin jikin Kawu ya riga ya yi nauyi, tafiya Fatakwal ba ta taso ba, ita ma ba halin ta taho da ɗanyen jego. Ranar suna na je, muka fito da shi tsakar gida muka jingina shi da filo, na kira ta a bidiyo. Da fuskar jaririn ta cika wayar, mutumin nan da bai taɓa ganin abu bai yi tambaya ba, wannan karon bai tambayi ta ina hoton ya biyo ba. Ya daɗe yana kallo.

Binta ta ce, "Baba, sunanka aka sa masa."

Ya ce, "Matso mini da kunnensa."

Ta matso da shi. Ya kai bakinsa jikin gilashin, ya yi addu'a ƙasa-ƙasa, ya tofa, sannan ya goge da hannun rigarsa. Ya ce, "Binta, ya ji?"

Tana kuka ta ce, "Ya ji, Baba. Ga shi har ya motsa."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan muka yi masa sutura.

Allah Ya gafarta wa Kawu Ɗanjuma, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ya huta. Allah Ya raya takwaransa a kan alheri. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.