Tsintsiyar Kawu

A ofishin masu rubuta manhajar kwamfuta, teburin Kawu ne ke jikin taga. Ba kawun kowa ba ne, furfura ce ta naɗa shi. Shekara goma sha biyu ke nan da ya rubuta wata 'yar manhaja ya raɗa mata suna Tsintsiya. Kafin a gwada komai, sai ta bi fayilolin gwaji ɗari tara, waɗanda umarni ne zalla da ake jera wa kwamfuta a baƙin allo, ta duba ko wani ya manta alamar da ke ɗaure umarni da na bayansa. In an manta, ko da umarni ya faɗi, sai gwaji ya tsallake shi ya ce lafiya lau.

Sharar takan ci minti goma sha ɗaya. Sunayen fayiloli su yi ta gangarowa kamar yayyafi, Kawu ya zabga tagumi, idonsa a kan girgije, yana jin kamar kowane fayil gida ne a wata doguwar unguwa, Tsintsiya tana shiga da sallama.

Ranar Talata sabuwar manaja ta tsaya a kansa.

"Kawu, gwajin kansa minti shida ne, sharar sha ɗaya. Juma'a zan cire ta."

"Ranki ya daɗe, tsohuwa ce, a yi mata uzuri."

"Tsohuwar da sai ta koma gida ta sake shiri kafin ta shiga kowane fayil? Sau ɗari tara fa kake tashinta!"

Kawu ya sosa ƙeya. Gaskiya ne. Da fayilolin ashirin ne, da ladabin nata bai dami kowa ba.

Kwana biyu yana lallaɓa Tsintsiya kamar mai ɗinkin hula. Ya koya mata tashi sau ɗaya, ta rungumi fayilolin duka, ta ƙyale waɗanda ba a taɓa ba tun jiya.

Safiyar Juma'a aka taru a bayansa. Ya danna. Daƙiƙa ashirin, ta gama, har ta kamo kuskure guda a layi na arba'in na wani fayil.

"Fayil ɗin wa ke nan?" in ji manaja.

Ta sunkuya ta karanta, ta gyara tabarau.

"To, a bar ta," ta ce a hankali. "Matsa min kujera, Kawu, in gyara abina."