Ranar da Kawu Ya Shanye Makullin Littafina

Ko tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da kawuna ya shanye mini littafi ba.

Shekara uku na yi ina rubuta labarin ayarin gishiri. Kai shi maɗaba'a a Yamai ya fi ƙarfina, sai wani abokina ya nuna mini blokcen, wani rumbu a intanet wanda abin da ka zuba ba ya gogewa. Na riƙa sa littafin babi-babi, masu karatu suna bi. Makullin shiga kuwa kalmomi goma sha biyu ne na Faransanci. Abokin ya ja mini kunne: "Kar ka ajiye su a salula, kar kowa ya gani. In sun ɓace, babu wurin kai kuka."

Ni sarkin wayo, na ce takarda ai akuyarmu za ta cinye. Na ɗauko allo da tawada, na rubuta su da ajami, na jingine bayan ƙofa. Wane ɓarawo zai saci allo?

Saura babin ƙarshe, salulata ta faɗa randa. Ko a jikina. Na sayo wata, na nufo gida ina fito, in kwafo makullin daga allo in shiga shafina. Sai ga Kawu, wanda ya kawo albasa daga Tabelot ya sauka wurinmu, zaune bisa tabarma da ƙwarya a hannu, allona a gefensa fes.

"Kawu, ina rubutun?"

"Na wanke na sha, ɗana. Sati biyu bayana na ciwo, ashe kana da magani kake ɓoye mini."

"Kawu, ba rubutun sha ba ne! Akwai tumatir a ciki, akwai raƙumin dawa, har da keke!"

Ya shafa ciki ya ce, "Shi ya sa na ji shi da ƙarfi."

Wallahi sai da na yi hawaye. Kalma bakwai na tuno, biyar suna cikin Kawu. Na buɗe sabon shafi na sa babin ƙarshen, masu karatu suka yi mini ca, wai ɓarawo ne ke kwaikwayon marubucinsu. Har yau ayarina na tsaye tsakiyar hamadar Tenere, ba mai iya goge shi, ba mai iya kai shi gida.

Kawu kuwa ya warke garau, har maƙwabtansa yake turo mini.

Na koyi cewa in za ka ɓoye abu don ɓarawo, ka fara gaya wa mutanen gida ko mene ne. Ɓarawon da na yi wa shiri har yau bai zo ba.